Ƙullin Busasshiyar Laka da Malam Isiyaku Ya Aiko Min

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isiyaku ya rasu a cikin daji. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a tsakar gida da butar shayi a hannu.

Waɗanda suka yi sakandare a nan Birnin Gwari ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Malaminmu na kimiyya, wanda muke ce wa Malam Mai Ƙwari a bayan idonsa. Waɗanda ba su san shi ba kuma, shi ne dattijon da 'yan bindiga suka ɗauke tare da maigidana, Baban Ummi, tun farkon bazarar nan.

Baban Ummi yana can har yanzu. Yana da rai, in ji wanda ya kawo labarin. Na sa wannan a gaba don na san shi za ku fara tambaya. Don Allah kada kowa ya tambaye ni ko a wane ɓangaren dajin suke. Ban sani ba, kuma ko na sani ba zan rubuta a nan ba, don ban san wa ke karantawa ba.

Wanda ya zo sunansa Malam Buba, makiyayi ne da 'yan bindigar suka kore masa shanu suka haɗa da shi. Allah ya ba shi sa'a ya sulale ranar da suka tura shi ya kai dabbobi ruwa, don ya fi su sanin dajin. Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Ya yi sallama a zaure, na fito na ga mutum ƙafafu duk sun tsage, leɓe ya farfashe, riga ta zama tsumma.

Ya ce, "Ke ce Maman Ummi?"

Na ce ni ce. Na dafa bango, don na riga na yanke wa kaina abin da zai faɗa.

Ya ce, "Mijinki yana gaishe ki. Ƙafarsa ce ta kumbura wajen sarƙa, amma yana ci in an ba su. Tsohon ne Allah ya yi wa cikawa. Daga gidansa nake, na gaya wa iyalinsa."

Allah ya gafarta min, abin da na fara ji sanyi ne a raina, cewa ba nawa ba ne. Sai daga baya maganar ta shige ni, na zauna a ƙasa.

Malam Buba ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan ƙulli, an yago tsumman ne daga bakin rawani. Ya ce tsohon ya ce a ba ni hannu da hannu. Tun kafin in kwance na san abin da ke ciki: busasshiyar laka ce, baƙa, ba ta fi cikin cokali biyu ba. Wallahi saura kaɗan in jefar da ita bayan katanga, domin saboda lakar nan aka kama su.

Bari in yi wa waɗanda ba su zauna a ajinsa ba bayani.

Akwai wani faffaɗan dutse a bakin daji, a samansa akwai ƙananan ramuka kamar akushi, inda ruwan sama ke taruwa. Da rani sukan bushe ƙurmus, dutsen ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Abin da ke saura a gindin ramin sai 'yar laka. Ita Malam yake kankarowa ya zuba a gwangwanin madara ya ajiye a ofis.

Ranar da ya fara nuna mana, ina aji ɗaya na babbar sakandare. Ya zuba lakar a farin faranti ya zagaya da ita, ya ce, "Akwai mai rai a nan?" Muka ce babu. Ni har da ƙari, na ce ƙasar da aka share daga tsakar gida ma ta fi ta rai. Ya ce, "To, Uwar Gardama, ke za ki zuba ruwan." Daga ranar sunan ya bi ni, har na yi aure na haihu bai daina kirana da shi ba.

Na zuba ruwa, ya ci gaba da darasinsa kamar ya manta. Kafin a buga ƙararrawa ya ce mu leƙa. Sai ga wasu 'yan jajayen tsutsotsi, sirara kamar zare, suna wutsil-wutsil a cikin farantin. Na yi ƙara na koma bayan aji, 'yan maza suna ta yi min dariya, alhali su ma idonsu ya fito.

Malam ya ce 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro, amma ba ya cizo. In ruwan ramin ya fara ja, sai tsutsar ta yi wa kanta ɗan ɗaki da laka ta shige, ta bushe a hankali har ta zama kamar ɓawon hatsi. Ba ci, ba sha, ba numfashi. Haka za ta zauna, ko rani nawa ne, sai ranar da ruwa ya taɓa ta.

Shi a wajen kakarsa ya fara jin labarinta, tun kafin ya karanta a makaranta. Ya ce a zamanin kakar mahaifinsa, kafin zuwan Turawa, mahara kan shigo ƙauyuka a kan dawakai su kama mutane su tafi da su. Wata shekara mutanen ƙauyensu suka gudu suka hau wannan dutse, suka yi rani guda a sama, ba a hura wuta da rana, ba a barin yaro ya yi kuka. Ramukan suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya a kan idonsu. Da ruwan farko ya sauka, kafin la'asar ramukan sun cika da jajayen tsutsotsi, mutane suka ce daga sama suka faɗo tare da ruwan. Kakar mahaifin nasa kuwa ta ce a'a, tare muka yi ranin nan da su, su ma ɓuya suka yi. Daga nan ta hana a kankare ramin tas in za a gyara shi don tara ruwan sha. A ɗebi kaɗan, a bar saura. Shi ya sa Malam bai taɓa wuce cokali biyu ba.

Lokacin muna jin labarin mahara kamar tatsuniya, har muna roƙonsa ya sake ba mu.

Ba tsutsar kaɗai ba. Mutumin nan bai taɓa fita Najeriya ba, amma in ya fara zancen ƙwarin duniya sai ka rantse can ya kwana. Tururuwar Sahara da ke jira sai rana ta take, duk mai cin ta ya gudu inuwa, sannan ta fito a guje ta yi kiwonta ta koma kafin zafi ya gasa ta. Wani ƙwaro marar fiffike a can ƙasar ƙanƙara, da yake daskarewa ya sake narkewa ya ci gaba da harkarsa. Wanda muka fi so shi ne buzuzun wata hamada a kudancin Afirka, da ke hawa tudun rairayi da sassafe ya kifa kai ya ɗaga gindi sama, raɓa ta taru a bayansa ta gangaro masa baki. Malam ba ya faɗa kawai, sai ya dafa tebur ya gwada, da babbar rigarsa da komai. Wata rana hedimasta ya leƙo ya same shi a haka.

Da ya yi ritaya bai zauna ba, ya ci gaba da zuwa yana koyarwa kyauta. Da na buɗe ɗan kemis ɗina shi ne ya fara shigowa, ya sayi abin da ba ya buƙata don dai a ce an yi ciniki. Duk sanda Ummi ta yi tari, sai ga shi da zuma a kwalba. Ranar da mahaifina ya rasu ya zo ya zauna a zaure har aka watse, bai yi min wa'azi ko kalma ɗaya ba, ya dai zauna.

A wajena yake awon suga. Ina yi masa faɗa a kan rake, yana cewa, "Uwar Gardama, gaɓa ɗaya ce fa." Ni nake ba shi maganinsa, don haka na san abin da ke aljihunsa ranar da suka tafi, na kuma san ba zai kai shi ko'ina ba. Duk makonnin nan in na buɗe shago na ga kwalin maganin a kan kanta sai in juya masa baya.

Ganina da shi na ƙarshe a ƙofar gidanmu ne. An yi wa su Malam rasuwa a wajen Kutemeshi, Baban Ummi ya ce zai kai shi ta'aziyya a mashin. Na fito da ruwa a gora zan ba su, sai na ga gwangwanin madara ya leƙo daga aljihunsa, da cokali.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Lakar ta ƙare. 'Yan ajin bana ba su taɓa gani ba."

Na ce, "Malam, ai an daina hawa dutsen nan. Ko masu itace sun daina zuwa wajen."

Ya ce, "Cokali biyu ne in sauko. A kan hanya yake."

Na ce ba a kan hanya yake ba, sai an ratse. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Baban Ummi yana ta dariya, ya ce, "Ki bar Malam da 'yan tsutsarsa, kafin azahar mun dawo." Malam ya hau baya, ya gyara rawani, ya ɗaga min hannu.

Washegari aka samu mashin ɗin a kwance a gindin dutsen, da gwangwanin a gefe, ba komai a ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, tun daga ranar nake fushi da shi. Fushi na gaske. In ina yi wa Baban Ummi addu'a sai in kasa ambaton sunan Malam. Ina cewa a raina, dattijo da furfura, ka san halin da ake ciki, ka ja min miji zuwa bakin daji saboda tsutsa. Matarsa ta aiko a gaishe ni, na amsa sama-sama. Yau kuma ga shi an kawo min tsutsar har gida.

Malam Buba bai tafi nan da nan ba. Na kawo masa kunu, ya riƙe kofin da hannu biyu yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Na ce ya sha mana, akwai ƙari. Ya ce, "Haka tsohon ya koya mana sha, na kasa dainawa."

Ya ce inda aka ɗaure su inuwar ba ta da kirki, ruwa kuma sai an ga dama ake ba su. Akwai wani ɗan kasuwa a cikinsu da ya yi ta fizge-fizge yana ihu a tsakar rana har ya suma. Da ya farfaɗo Malam ya jawo jiki kusa da shi, ya ciro ƙullin nan ya nuna masa. Ashe da suka ji ƙarar mashinan mutanen a gindin dutsen, ya riga ya kankaro lakar, sai ya juye ta a bakin rawaninsa ya ƙulle.

Ya ce wa mutumin, "Ka ga ta cikin nan? Ba rashin ruwa ke kashe ta ba. In ka ciro ta ka shanya a rana ta bushe farat ɗaya, ta mutu ke nan. Amma in ka bar ta ta bushe a hankali, za ta jira ruwa. Kai ma ka daina ƙona kanka, ka bushe a hankali."

Daga nan ya riƙa sa su kawar da ƙasar sama mai zafi da hannu su kwanta a kan ta ƙasa mai sanyi, yadda gara take yi. Da rana ba magana, kowa ya rufe baki da gefen riga. In yamma ta yi sai ya ba su labarin ƙwari. Malam Buba ya ce, "Ni a daji aka haife ni, wasu abubuwan na sani. Amma ban taɓa ganin mutum da sarƙa a ƙafa ya kifa kai ya ɗaga gindi sama don ya sa mutane dariya ba. Har mai gadinmu sai da ya juya baya yana dariya."

Da na ji haka na fashe da kuka, don ina ganinsa a idona.

Ciwon sugan ya ci ƙarfin Malam a hankali. Ƙishirwa ta riƙa damunsa fiye da kowa, ido ya fara dushewa. Baban Ummi yana rage masa nasa ruwan, shi kuma in ya gane sai ya ƙi sha. Ranar da zai cika, da hantsi, ya kama hannun Baban Ummi ya ce, "Salisu, ni na ja maka wannan." Baban Ummi ya ce, "Malam, ka bar wannan maganar, Allah ne ya kawo mu." Sai tsohon ya kira Malam Buba, don ya lura shi ake turawa da dabbobi, ya ba shi ƙullin.

Ga saƙon yadda aka faɗa min: "Ka ce wa Uwar Gardama gardamarta ta ranar nan daidai ce. Ta yafe min. Wannan na 'yan ajin bana ne, amma ta fara gwadawa, don gumi ya sha jiƙa shi a jikina, ban sani ba ko sun tsira."

Baban Ummi ne ya yi masa wanka da ɗan ruwan da aka ba su, shi ya ja sallah. Da hannu da itace suka haƙa kabarin.

Kafin Malam Buba ya tafi na tambaye shi abin da nake tsoron tambaya. Na ce yanzu da ya gudu, me za su yi wa sauran? Ya ce bai sani ba. Sannan ya ce abin da ya ji suna faɗa shi ne da zarar ruwa ya sauka za su tashi su ƙara nutsawa ciki kafin rafuka su cika, kuma tafiyar ƙafa ce mai nisa. Na ce, to mai kumburin ƙafa fa? Ya sunkuyar da kai yana kallon kofin.

Tun jiya hadari ke haɗuwa ta gabas. Ni da kowace shekara nake fita tsakar gida in tari ruwan farko, yau in iska ta kaɗa labule gabana faɗuwa yake yi. Wayata tana hannuna ko banɗaki zan shiga. In baƙuwar lamba ta kira tsoro nake ji, in ba ta kira ba kuma ya fi muni, kuma tun da Malam Buba ya gudu 'yan bindigar ba su kira ba.

Bayan ya tafi na ɗebi kaɗan daga lakar, kamar abin da yatsa biyu za su ɗauka, na zuba a farin faranti, na zuba ruwa, na ajiye a bakin taga. Sai na kasa kallo. Na san tsutsa ba ta san gaibu ba, na san rai da ajali a hannun Allah suke, ni ba yarinya ba ce. Amma zuciyata ta riga ta ƙulla abin da bai kamata ta ƙulla ba: in waɗannan da suka yi zaman dajin nan tare da su ba su tashi ba, ban san yadda zan yi da raina ba. Shi ya sa na juya wa tagar baya na ɗauki waya na fara wannan dogon rubutu, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Yanzu na tashi na leƙa.

Da farko ban ga komai ba sai ruwa mai duhu. Wasu sun kumbura sun taso, amma ba motsi, waɗannan gumin ya kashe su. Na tsaya riƙe da ƙarfen taga har na fara cewa shi ke nan. Sai can gefen farantin na ga guda ɗaya, ja, siririya, ta lanƙwashe ta miƙe. Ta sake lanƙwashewa.

Malam, akwai mai rai. Na yafe maka, duniya da lahira, kai ma ka yafe min abin da na riƙe a raina. Anjima zan je wajen iyalinka in yi gaisuwar da ta kamata. Cokali ɗaya zan kai wa 'yan ajin bana in zuba musu ruwan da hannuna. Ɗayan na ƙulle shi a tsummansa na sa a akwatin kayan Baban Ummi, shi zai zuba wa nasa ruwa.

Ya Allah ka jiƙan Malam Isiyaku, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa kabarin da ba mu san inda yake ba, ka shayar da shi daga tafkin Annabi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka saka wa Malam Buba da alheri, ka mayar masa da abin da ya rasa.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ina roƙonku, kada ku wuce da "Allah ya jiƙansa" kawai. Duk wanda ya taɓa leƙa farantin nan a aji, ya yi wa Malam addu'a a sujadarsa ta yau. Sannan ku ambaci Salisu da sunansa, da duk waɗanda ke ɗaure tare da shi. Ku roƙa masa Allah ya sassauta kumburin ƙafar nan, ya fito mana da su kafin ruwa ya sauka. Hadarin yana ƙara duhu.